Mai Kunya Tana Satar Kallo

Shekarun baya, tun muna cikin Jihar Kano, ba a ma fara zancen Jigawa ba, na taɓa shan wani yabo da har yau in na tuna shi sai jikina ya yi sanyi. Mata ne suka cika gidanmu suna cewa ba su taɓa ganin mai jego mai kunya irina ba. Ni kuwa a lokacin ciwo ne yake cina, ba wanda ya sani, har da ni kaina.

Ni 'yar Farin Dutse ce, can ƙasar Gwaram. Gidanmu Fulani ne, amma irin waɗanda Fulatancin ya gudu ya bar mana shanu da fulako, wato kunyar nan ta Fulani. Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, kuma duk wanda ya san mutanenmu ya san ma'anar wannan. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na tashi, zana ɗaya ce ta raba mu da sashen mahaifiyata. Adda nake ce mata, yadda ƙannenta suke ce mata. Ita kuma in ta kama dole sai ta yi mini magana, sai ta dubi wani wuri ta ce, "Ke yarinyar nan." In ma da wani a kusa, shi za ta aika: "Ka ce wa waccan ta zo ta ɗauki tuwonta." Ban taɓa jin haushi ba. Haka na ga ana yi a kowane gida, sai na ɗauka haka uwa take.

Ni dai da aka zo rabon fulako ba na nan. Surutu gare ni na fitar hankali. Kakata takan ce ita ba ta yarda ba, a kasuwa aka musanya mata jika. Da na yi aure a Birnin Kudu, maigidana ya sha fama. Ɗan gidan malamai ne, yana koyarwa a firamare, mutum mai sanyin hali, ni na ce ina sonsa kuma aka ba ni. Lokacin ne kuɗin man fetur ya fara shigowa, ma'aikata suka ɗan farfaɗo, ya yi wa ɗakinmu rufin kwano, ya sayi babur, ya sayo rediyo. Ranar da ya kawo rediyon ya ajiye ta a kan akwati ya ce, "To, yanzu kun zama biyu. Ita dai wannan tana da wurin kashewa."

Cikina na fari bai yi nisa ba abin ya fara. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, kawai komai ya daina daɗi. In ɗauki tsintsiya in tsaya a tsakar gida, in manta abin da ya fito da ni. Ina wanke tukunya sai in ga hawaye yana ɗiga a cikin ruwan, ba wanda ya taɓa ni, ba wanda ya mutu. Malam ya sayo tsire mai zafi ya buɗe a gabana, in sa a baki in ji kamar ina taunar tsumma. Rediyon nan da nake biye wa waƙoƙinta har maƙwabta su yi dariya, sai na koma rufe ta da zane.

Malam ya damu. Yakan tsuguna ya ce, "Wai me na yi miki ne? In laifi ne ki faɗa, in ba ki haƙuri."

In ce, "Ba ka yi mini komai ba, Malam."

"To me yake damunki?"

"Ban sani ba."

Ya tambayi matan gidansu, suka ce laulayi ne, kowace mace da irin nata, ana haihuwa zai wuce. Ni ma na kama wannan na riƙe. Da lokacin goyon ciki ya yi, wato komawa gidan iyaye don haihuwar fari, aka sa ni a gaban akori-kura zuwa Gwaram, ina ta gaya wa kaina cewa da na hango shanun gidanmu zan dawo yadda nake. Na hango su, na ji kukan maruƙa, na shaƙi hayaƙin garke da na yi ta kewa. Ban ji komai ba.

Na haihu lafiya, namiji. Ungozoma ta wanke shi ta miƙo mini, na dube shi sau ɗaya na juya fuskata bango. Sai ɗakin ya ɗauki shewa. Goggona, yayar babana, wadda ita ce za ta yi mini wankan jego, ta ce, "Ahaf! Ashe dai jini ba ya ƙarya. Duk surutun nan, da aka zo wurin kunya ga ta nan ta fi uwarta."

Ku 'yan yanzu sai na yi muku bayani. A wurinmu mai haihuwar fari ba ta ɗaukar jaririnta in da mutane. Ko kuka yake sai an yi mata faɗa, an tsare ta, sannan ta ba shi nono tana ɓoye fuska. Duk yadda ta ƙi, haka ake ganin tarbiyyarta. To ni kuma ga ni da ciwon da alamarsa ke nan sak. Yaro ya yi ta tsala kuka a gefena, ina jinsa kamar daga gidan maƙwabta yake fitowa. Sai Goggo ta shigo da gudu ta ce, "Ke, ba shi nono mana! Kai, wannan yarinya da kunya take!" Tana faɗa tana murmushi, ta fita ta ba da labari a tsakar gida.

Goggo ba ta rage ni da komai ba, Allah ya jiƙanta. Safe da yamma tana tsaye a kan tukunyar ruwan zafi, tana tsoma ganyen runhu tana fyaɗa mini, ga kunun kanwa, ga ƙauri da yaji har sai na yi gumi. Jikina ta gasa shi yadda ya kamata. Abin da ke ciki ne ruwan zafi bai kai gare shi ba.

Ranar suna uwar mijina ta zo daga Birnin Kudu da 'yan rakiya. Ta zauna tana kallona, an ɗora mini yaro a cinya na ƙi ko sa masa hannu, ta ce wa Goggo, "Wallahi mun yi dacen suruka. 'Yan matan yanzu da suka shiga boko, a gabanka za su rungumi ɗan fari suna yi masa rawa." Daga nan labari ya bazu. Har daga wasu rugage ake kawo 'yan mata barka, a nuna musu ni a ce su koya.

Yabon nan shi ya rufe mini baki. Ta yaya zan ce musu ba kunya ba ce? Ta yaya zan ce ina duba cikin zuciyata ina neman son da aka ce yana zuwa tare da nono, ban same shi ba? Na yi ta jira. Na ce ko bayan suna, ko in cibiya ta warke. Shiru. Sai na fara ganin ko ni Allah ya halitta ba uwa ba ce, ko wani zunubi na yi. Kuka nake a banɗaki in ana wanka, inda ba mai bambance shi da ruwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne arba'in tana matsowa. In ta cika za a mayar da ni Birnin Kudu. Malam zai fita makaranta da safe, a bar ni daga ni sai yaron nan a ɗaki. A nan Goggo ce take cewa in ba shi nono. A can wa zai ce? Na san kaina, na san zan iya zama ina kallon bango har azahar yana kuka. Ga shi dama bai yi ƙiba ba, wuyansa kamar a busa ya faɗi, Goggo tana cewa ai jikin Fulani ne. Har na fara tunanin ya fi masa a ce babu ni. Nakan leƙa burtalin da shanu suke bi, in ji kamar in bi shi in yi ta tafiya kada in waiwayo.

Duk wannan lokaci mahaifiyata ba ta shigo ɗakin ba, sai dai ta aiko da fura. Ba huruminta ba ne, jegon 'yar fari na goggo ne da kaka. Kullum tana can ƙofar ɗakinta da ƙwaryar nono a gaba, tana kaɗawa, kanta a sunkuye. Na ɗauka ko ta kaina ba ta bi.

Ana gobe za a zo ɗaukata, da hantsi, Goggo da sauran matan gida suka tafi sayo 'yan kayan da za a haɗa ni da su. Gida ya yi tsit. Ina zaune a bakin gado, yaro yana kwance a bayana, sai na ga an ɗaga asabari. Mahaifiyata ce. Ta shigo ta zauna kusa da ni, kafaɗarta tana taɓa tawa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ta ɗauki yaron ta ce, "Kai mijin nawa, haka aka bar ka ka rame?" Sannan ta kira sunana. Sunana na yanka, ba ragi. Sai da na waiga in ga ko wata ce ta shigo.

Ta ce, "Da ke nake. Wannan abin da kike yi ba kunya ba ne."

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Su goggonki ki bar su, su baki suke kallo da hannu. Ni na san kunya, tun da na haife ki nake yin ta. Mai kunya ɓarauniya ce. Tana ɗauke kai a gaban mutane, suna juya baya ta saci kallo. In ɗanta ya yi tari, hannunta yana kan aiki amma kunnenta ya tafi. Tun ranar suna nake zaune a can ina lura da ke, ko sau ɗaya ban ga kin saci kallonsa ba."

Na ce, "Adda, ke ai ban taɓa ganin kin kalle ni ba."

Ta yi 'yar dariya, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "In kin gani ai ban iya sata ba ke nan. Kin tuna zanar da ke tsakaninmu da ɗakin kakarki? Kin tuna yadda babanki yake ta gyaranta yana faɗa, wai akuya ce take huda ta? To ni ce akuyar. Ta nan na ga kin fara gudu. Ta nan na ga ranar da kika faɗi kika fasa leɓe, na ciji zanena don kada in yi ihu."

Ta gyara wa yaron kwanciya a cinyarta, ta ce, "Yanzu gaya mini, me kike ji?"

Na ce, "Ba na jin komai, Adda. Ko shi, ko ni, ko kowa. Ina tsoron a bar ni da shi."

Na zaci za ta yi salati ta ja da baya. Sai ta gyaɗa kai kawai, ta ce, "To ai shi ne ciwon. Ban san sunansa ba, amma na taɓa ganinsa. Wata ƙawata ce, tare muka yi tallan nono. Aka yi ta yabonta kamar yadda ake yabonki, har aka rasa ta. Ba laifinki ba ne, kuma ba inda za ki gobe."

Washegari uwar mijina ta iso da motar da aka ɗauko, Malam yana biye a babur. Aka shimfiɗa tabarmi, aka sha fura, Goggo ta fara fito da kayana. Sai mahaifiyata ta taso daga ƙofar ɗakinta ta durƙusa a gefen tabarma ta ce, "Hajiya, a yi mana haƙuri. Jegon nan bai ƙare ba."

Uwar mijina ta ce, "Ikon Allah. Ai na ga arba'in ta cika."

"Ta cika a wurin wanka. Yarinyar ba ta da lafiya."

Goggo ta saki baki. Ta ce, "Yau na ga abin da ya isa! Ke ce kike tsoma baki a maganar 'yar fari, a gaban surukai? Ina kunyar taki?"

Mahaifiyata ta ce, "Tana nan, Yaya. Jingine ta na yi. In yarinyar ta warke na ɗauka."

Aka yi ta kai da kawowa. Uwar mijina ranta ya ɗan sosu, gani take kamar ana nufin ba za su iya riƙe ni ba. Malam yana can bakin zaure tsugune, shi ma kunyar surukai ta hana shi shigowa. Da magana ta kai gare shi, sai ya ce a gaya wa mahaifiyata ta fi shi gani, shi dama tun cikin yana ƙarami ya san matarsa ba haka take ba. Motar ta koma ba ni.

Ba zan ce muku ranar na warke ba. Na daɗe. Damina ta shigo ta same ni, har aka fara yankan gero ina nan. Mahaifiyata ta ɗauke ni ta mayar ɗakinta, ta hana masu zuwa kallon mai kunya. In yaro ya yi kuka ba ta yi mini tsawa, sai ta ɗauko shi ta zauna a bayana, in jingina da ita, ita ta riƙe shi ni in ba shi nono. In ya ƙoshi ta goya abinta ta ce in kwanta in yi barci. Da safe ta fito da ni rana, ta ba ni ƙwarya in riƙe mata tana tatsa, ko ta zube mini wake in tsince, don dai kada hannuna ya zauna. Ba ta cika magana ba, amma ba ta barina ni kaɗai. Malam kuma duk ƙarshen mako sai ya zo a babur, ya sha ƙura da taɓo, ya kawo rubutun da mahaifinsa ya yi mini, ya zauna a zaure ya ba ni labarin shirmen 'yan ajinsa ko ban yi dariya ba.

Wata safiya ina tsintar wake, yaron yana kwance a tabarma can gefe, sai ya yi atishawa. Kafin in ankara na ga idona a kansa. Na tsaya ina kallon kunnensa, wani ɗan ƙaramin kunne da rana ta haske shi, sai na ji wani abu ya motsa mini a ƙirji, har na ji tsoro. Na yi maza na mayar da kai kan faifai, don Goggo tana tsakar gida. Da ta shiga ɗaki na sake ɗagowa.

Mahaifiyata tana ƙofa tana kaɗa nono, kanta a sunkuye kamar kullum. Bayan 'yan kwanaki na ji ta tana ce wa ƙanena, "Ka ce wa waccan ta fara haɗa kayanta, mijinta ya yi haƙuri da yawa." Ta ɗauki kunyarta daga inda ta jingine ta. A nan na san na warke, kuma a nan na san an rufe wata ƙofa.

Yaron nan yanzu shi ma da jikokinsa, kuma har yau ba na kiran sunansa, abin da aka saba ba a bari. Sai bayan shekaru masu yawa na ji wata likita a rediyo tana bayanin ciwon damuwa da ke kama mata a lokacin ciki da bayan haihuwa, ta ce ana maganinsa a asibiti. Na zauna ina saurare ina cewa ashe abin har suna gare shi. Shi ya sa in na je barka ba na tsayawa a kan kamannin wa ɗan ya ɗebo. Uwar nake kallo. In na ga idonta ba ya zuwa inda jaririn yake, sai in jira ɗaki ya rage, in matsa kusa in tambaye ta abin da take ji, in kuma ce wa mutanenta su kai ta a duba ta. Ku ma ku riƙa lura. Ba duk shiru ne haƙuri ba, ba duk ɗauke kai ne kunya ba.

Mahaifiyata ta rasu ina da 'ya'ya huɗu. Daga ranar nan har ta koma ga Allah ba ta sake kiran sunana ba, ni kuma ban taɓa roƙonta ba, ai da kunya. Abin da yake cina har yanzu shi ne, sau ɗaya tak ta kira shi, kuma ya faɗo a lokacin da ba na jin daɗin komai. Na ji shi da kunne, ban ji shi a zuciya ba. Na tuna zanen da ta ɗaura, na tuna warin man shanu a hannunta, amma na yi na yi in tuna yadda sunan ya fito daga bakinta, ko ta ja shi ne ko ta gajarta, abin ya ƙi zuwa. Yanzu da nake da zuciyar da za ta ji daɗinsa, babu mai faɗa.

Allah ya jiƙanki, Adda.